Gasata ta farko da bindigar iska: me ya sa bakin bindigar ya ƙi tsayawa?

Ɗan Kubwa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar harbin bindigar iska ta mita 10. Ranar Asabar da ta wuce na shiga gasa karo na farko, kuma har yau abin bai bar raina ba.

Ni mai gyaran waya ne. Wani kwastomana ne ya fara kai ni kulob ɗinsu a nan Abuja bayan ƙaramar salla, da ya ga yadda nake liƙa ƙananan abubuwa a cikin injin waya hannuna ko motsi ba ya yi. Tun daga nan kusan duk Asabar ina can. Ba ni da bindiga tawa, ta kulob nake ara, wata tsohuwar Feinwerkbau mai tukunyar iska a ƙarƙashin bututu. Ba ni da jaket, ba ni da takalmin harbi, safar hannu kaɗai aka ara mini.

Gasar ta cikin gida ce, 'yan kulob da wasu baƙi kaɗan. Na baro Kubwa tun bayan asuba don kada hanya ta riƙe ni. Kafin a fara sai da aka ɗora kowace bindiga a sikeli, saboda doka ba ta yarda ta wuce kilo 5.5 ba, aka kuma duba babu gilashin ƙara girma a cikin saitin. Kowa ya zura igiyar nan mai launi ta cikin bututu har ta leƙo ta baki, alamar babu harsashi a ciki, kuma ba mai cire ta sai alƙalin fili ya ba da izini. Aka ba mu minti 15 na shiri da harbin gwaji. Takarda muke harbi, ba allon lantarki ba, saboda haka aka ce harbi 60 cikin minti 90, a tsaye.

Gwajin ya yi mini kyau, takwas da tara, har da goma guda. Amma da alƙali ya ɗaga murya ya ce a fara, sai na ji bugun zuciyata har cikin kunne. Na ɗaga bindiga, na kwantar da kunci, na leƙa ta ƙaramar hudar saitin baya, sai ga baƙin da'irar nan tana yawo cikin zoben gaba, ta fita ta hagu, ta dawo ta ɓulle ta dama. Gwiwata ta hagu ma ta kama kaɗawa. Na yi ta jiran ta tsaya ta ƙi, numfashi ya ƙare mini, da na ga ta gifta tsakiya sai na ja kunama da sauri. Biyar. Na biyun shida. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai na ga gwangwanin harsashina ya ragu, na gama harbi 60 ɗin saura fiye da rabin awa. Na tashi da 431 cikin 600, alhali a atisaye nakan haura 480.

Kusa da ni akwai wani dattijo. Sau da yawa zai ɗaga bindiga, ya ɗan leƙa, ya sauke bai harba ba. Har ya zura igiyarsa ya je ya zauna a kujera ana tsakiyar gasa. Shi ne ya zo na ɗaya.

To abin da nake son sani, wannan rawar daga ina take, kuma yaya ake sa bakin bindiga ya tsaya cak? Ko rashin jaket ne, in fara tara kuɗi? Wani ya ce mini bindigar kulob ta gaji, sai na samu tawa. Ina son abin nan sosai, ba na son in kashe kuɗi inda ba nan ciwon yake ba. Allah ya saka da alheri.

Dattijon Gwarimpa:

Wa alaikumus salam ɗana. Barka da shiga fage. 431 a gasar farko, babu jaket, ba abin ɓoyewa ba ne.

Bari in fara da abin da zai fi yi maka wuyar karɓa. Bindigar nan ba za ta tsaya ba. Ba ta taɓa tsaya wa kowa ba. Na fara harbi tun ana karya bindiga a ɗana ta da ƙarfin hannu, yanzu furfura ta gama kaina, ban taɓa ganin baƙin nan ya daskare a tsakiyar zobe ba. Mutumin da ke tsaye jini na gudu a jikinsa, ƙafafunsa kuma kullum cikin gyara masa tsayuwa suke bai sani ba. Abin da gwani ya fi ka da shi, yawon bindigarsa ƙarami ne, kuma ya yarda da yawon. Yana ƙara wa kunama nauyi kaɗan kaɗan a cikin yawon, har harsashi ya fita.

Abin da ka faɗa da bakinka, wato ka jira ta gifta tsakiya ka ja da sauri, shi ya ba ka biyar da shida, ba rawar ba. Yi lissafi da ni. Ɗigon goma rabin milimita ne. Harsashin faɗinsa milimita 4.5, ko gefen hudarsa ya taɓa ɗigon an ba ka goma. Daga nan kowane zobe kaurinsa milimita 2.5. Tsakanin saitin baya da na gaba bai kai mita ɗaya ba, takarda kuwa tana can mita 10, don haka duk kaucewar da ta shiga tsakanin saitin biyu za ta ninku fiye da sau goma kafin ta isa. Milimita 0.2 kacal ta isa ta cinye maka maki. Yatsan da ya fizgi kunama yana ture bindiga fiye da haka nesa ba kusa ba. Sannan kafin ido ya sanar da ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci yatsa, tsakiyar da ka gani ta riga ta wuce. Da ka bar ta tana yawonta daga bakwai zuwa bakwai ka matsa a hankali, yawancin hudojinka takwas da tara za su zama, domin ta fi daɗewa a kusa da tsakiya fiye da gefe.

Kuma in harsashi ya fita kada ka ɗaga kai. Harsashin iska ba shi da sauri, wajen mita 170 yake yi a daƙiƙa, saboda haka yana ɗan jimawa a cikin bututu fiye da na bindigar albarushi. Wanda ke gaggawar ganin makinsa yakan fara sauke hannu tun harsashin bai bar bututu ba. Ci gaba da leƙawa daƙiƙa biyu, ka tambayi kanka ina zoben yake lokacin da ta tashi, sannan ka jawo takarda.

Dattijon da ka gani yana saukewa, shi ya ba ka amsar tambayarka kyauta. Da zarar ka riƙe numfashi, daƙiƙa shida zuwa takwas na farko su ne naka. In ka kai goma ba ta tashi ba, ido ya fara hazo, tsoka ta fara kuka, rawar sai ƙaruwa. Cire yatsa daga kunama, sauke, yi numfashi, sake daga farko. Babu alƙalin da zai rage maka maki don ka sauke bindiga. An ba ka minti 90 ne don harbi 60, wato minti ɗaya da rabi ga kowane harsashi, kai kuma ka mayar musu da sulusinsa.

Sai tsayuwa. Ina zaton da tsoka kake ɗauke da ita. Ka lura da mace mai ɗauke da tulu a ka, ba ƙarfin wuya ne ke riƙe shi ba, ta daidaita shi ne a kan ƙashin bayanta. In bahago ne kai ka juya abin da zan faɗa. Gefenka na hagu ya fuskanci takarda, ƙafafu a buɗe gwargwadon faɗin kafaɗa, ka ɗan tura ƙugu wajen takardar, gwiwar hannun hagu ta zauna a kan ƙashin ƙugu ko ta jingina da haƙarƙari, bindiga ta kwanta a kan dunƙulen hannu. Nauyin ya gangara ta ƙashi har ƙasa. In ka daidaita, rufe ido, yi numfashi biyu, saki jiki, buɗe. Inda bakin bindigar yake kallo a lokacin, nan ne jikinka yake son harbi. In ba kan baƙin yake ba, kada ka jawo shi da hannu, matsar da ƙafar baya kaɗan ka sake gwadawa. A atisaye hankalinka kwance, tsoka na iya rufa maka asiri. Ranar gasa ita ce ta farko da ke tona shi.

Batun faɗuwar gaba kuwa, kada ka ɗauka naka ne kai kaɗai. Akwai Ba'amurke Matthew Emmons. A gasar Olamfik ta 2004 a Atina, a harbin mita 50, yana kan gaba saura harsashi ɗaya, ya harbi allon maƙwabcinsa, aka ba shi sifiri, ya koma na takwas. A 2008 a Beijin ya sake zuwa harsashin ƙarshe yana kan gaba, bindiga ta tashi kafin ya gama saiti, ya ci 4.4, ya koma na huɗu. Mutum ne da ya riga ya ci zinariya. A wannan Beijin ɗin Abhinav Bindra na Indiya ya rufe namu na mita 10 da 10.8 (a can ana raba maki har 10.9) ya ɗauki zinariya, kuma kada ka ɗauka tasa zuciyar ba ta bugawa.

Bindigar kulob ba ta da laifi. Irinta in an ɗaure a maƙala za ta yi ta zuba harsashi kusan a huda ɗaya. Ka dai roƙi kocinku ya sa maka zoben gaba mai faɗi, wajen milimita 4.2 ko sama, don ƙaramin zobe yana sa sabon maharbi ya ga rawar ta fi ƙarfinsa ya tsorata. Jaket kuma ni dai ra'ayina ka bari tukuna. Wanda ya sa ta kafin ya iya tsayuwa, ita za ta riƙa tsaya masa, ba zai taɓa koya ba.

Maman Ilham:

Baba Allah ya ƙara girma, kun gama magana a kan kunama da tsayuwa. Amma batun jaket ku yi mini afuwa, ban bi ku duka ba.

Ni nas ce, kuma ina harbin nan. Tsayuwar da kuka kwatanta, ƙugu gaba, kafaɗa baya, ga kilo huɗu da wani abu a hannu, murɗa ƙasan baya take yi. A yi haka sau 60, a ƙara gwaji, a ƙara waɗanda aka sauke ba a harba ba. Jaket da wandon nan masu tauri ba don maki kaɗai aka yi su ba, suna rage wa baya wahala. Ƙanena kuma aikinsa na sunkuyo ne tun safe har dare. Na yarda kada ya sayi sabuwa yanzu, amma in akwai ta aro a kulob wadda ta yi masa daidai, ya fara sa ta a rabin atisayensa. Ka lura dai, a babbar gasa ana auna kaurinta da taurinta, ba kowace jaket mai kauri ce ake karɓa ba. Takalmi kuwa ko yanzu ka nemi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa mai tauri. Kambas mai laushin ƙasa lilo yake sa mutum.

Ƙanena, me ka ci da safen nan? Na tambaya ne don ka ce tun asuba ka fito. In shayi mai kauri ka sha a tasha, ko kofi, ko ka ɓantari goro, ko lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari, to ka ƙara wa zuciyar da dama a tsorace take gudu. In kuma ba ka ci komai ba, yunwa ma tana kawo rawar hannu. Ni nakan ci abu mara nauyi awa biyu kafin a fara, koko da ƙosai kaɗan ko burodi da ƙwai, sannan ruwa yana gefena ina kurɓa.

Akwai abin da nake son in ja maka kunne a kai tun kafin wani ya raɗa maka. Za ka haɗu da mai ce maka akwai ƙwayar hawan jini da ke kwantar da bugun zuciya, irin su propranolol. Kada ka kusance ta. Na farko, haramtacciya ce a wasan harbi, a lokacin gasa da wajen gasa. A Beijin ɗin da Baba ya ambata an ƙwace wa Kim Jong-su na Koriya ta Arewa lambobi biyu a kanta. Na biyu, wanda ya fi damuna, magani ne da ke iya sauke wa mai lafiya jini ya yanke jiki, kuma ga mai asma haɗari ne babba. Wanda likita ya rubuta masa don ciwo, ya sanar da masu gasa tun da wuri.

Abin da ke yi mini aiki ba shi da tsada. Kafin in ɗaga bindiga nakan ja numfashi har ciki, in sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, sau uku. Fitar numfashi a hankali tana rage gudun zuciya. Sannan na raba 60 ɗin gida shida, duk goma in ajiye, in girgiza hannu, in duba agogo, ƙafafuna dai ba sa barin wurinsu. In zan zauna sai na sa alli na zana inda suke. Kuma na daina tara maki a kaina. Da ka ga biyar ɗin farko ka fara lissafin yadda za ka rama, shi ya sa ka gudu. Takardar da ta dawo ta wuce, juya ta ka kife.

Wani abu kuma, wasan nan ba na maza kaɗai ba ne. Tun 2018 mata ma harbi 60 muke yi, da 40 ne. Wadda ta ci zinariyar mata a Olamfik ta 2024 a Faransa, Ban Hyo-jin ta Koriya ta Kudu, shekararta 16. Su a allon lantarki suke harbi cikin minti 75, ana raba goma ɗin har 10.9, jimla 654, kuma sai mutum ya kai wajen 630 yake sa ran shiga cikin takwas na ƙarshe. Na kawo wannan ne don 'yan'uwa mata da ke karantawa suna jin kunyar tambaya. Ku zo, da hijabinku ma ana yi, a dai ɗaure shi yadda ba zai shiga tsakanin kunci da bindiga yana zamewa ba.

Na Mararaba:

Salam. Ni ban taɓa yi ba amma kun sa ina sha'awa. Ba irin bindigar da yara ke harbin tsuntsu da ita ba ce? In mutum ya samu a kasuwa ba sai ya saya ya riƙa koyo a bayan gida ba?

Dattijon Gwarimpa:

Ɗana na Mararaba, a'a, kada ka yi haka. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake mallaka. Ga halin da ƙasa ke ciki kuma, ta gasar nan da ƙarfenta da tukunyarta, wanda ya hango ka da ita daga nesa ba zai tsaya tambayar ko ta iska ce ba. Kuma ba abin wasa ba ce. Tana fasa ido, tana shiga jiki, a bayan gida kuwa akwai yaran maƙwabta. Tukunyar kanta iskar da ke ciki ta kai bar 200 a ma'aunin matsin iska, kusan ninki ɗari na tayar ƙaramar mota, shi ya sa ake buga mata kwanan wata a jiki, in ta shekara 10 a ajiye ta. Nemi kulob mai rajista, ka fara da tasu, a gaban koci.

Hajiya, na karɓi gyaranki a kan baya. Amma rabin atisaye babu jaket ɗin nan, a riƙe shi.

Ɗan Kubwa:

Baba, Anti, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara lafiya. Anti kin canka, shayi na sha a tasha, mai kauri kuwa.

Jiya na tashi daga shago da wuri na je kulob. Na yi gwajin rufe idon nan. Da na buɗe, bakin bindigar yana kallon wajen tafin hannu guda dama da takardar, kuma haka ya yi ta maimaitawa. Ashe duk watannin nan da hannu nake jawo ta. Na matsar da ƙafar baya har ya zauna. Koci ya canza mini zoben gaba, ya kuma nuna mini yadda ake juya wani ɗan maɓalli a ɗana kunama ba tare da iska ta fita ba, ya ce in yi ta matsawa ina kallon farin bango, babu harsashi babu takarda. A nan na ga abin da Baba yake faɗa da idona, duk lokacin da na yi gaggawa zoben sai ya yi tsalle ƙasa ta dama.

Matsalar da ta rage, saukewar ce ke yi mini wuya. In na ɗaga sai in ji kamar dole sai ta tashi. Yaya ake koyon wannan? Kuma a gida, tunda babu bindiga, akwai abin da zan iya yi?

Dattijon Gwarimpa:

Madalla ɗana. Saukewa ma atisayenta ake yi. Ka ce wa wani ya tsaya bayanka da agogo. Daga lokacin da kuncinka ya zauna ya ƙirga daƙiƙa takwas, in ba ta tashi ba ya ce "sauke", kai kuma ka cire yatsa ka sauke ko da kana ganin goma a gabanka. Wata rana kuma ka ƙudura tun daga gida cewa duk ɗagawa ta uku ba za ka harba ba, komai kyanta. In jikinka ya saba da cewa ɗagawa ba alkawari ba ce, ranar gasa zai sauke da kansa.

A gida, cire takalmi ka yi tsayuwar a gaban bango, hannun hagu a dunƙule, gwiwar hannu a mazauninta, ka ɗora wani abu mai nauyin kilo uku ko huɗu, ko jarkar ruwa ce, minti ɗaya ka huta minti ɗaya. Kana goge baki ma kana iya tsayawa da ƙafa ɗaya. In bayanka ya fara ciwo ka dakata ka gaya wa Hajiya.

Sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta abin da ka ci, yadda ka tsaya, da inda hudojin suka taru, ba jimlar maki kawai ba. Harsashin nan dalma ne, in ka gama ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci, kuma kada ka kai gwangwanin gida inda yara suke. Yaushe ne gasarku ta gaba? In Allah ya kai mu ina so in zo in tsaya bayanka da agogon.